Sunan da Lami Ba Ta Rubuta Ba

Da haƙar ayar bana 'yata ta cika shekara tara da rasuwa. Ita ce 'yar farina, don haka ba zan kama sunanta na yanka ba ko a takarda. Lami maƙwabta suke ce mata, saboda ranar Alhamis aka haife ta, ni ma da shi zan kira ta a nan. Duk shekara idan aka fara ƙona ganyen aya a gonakin da ke tsakanin Gazawa da Agiye, farin hayaƙin nan ya kwanta bisa ƙasa da hantsi, sai in ga kamar ga ta can tafe a cikinsa, malfa bisa kallabi, hannunta riƙe da ƙullin ƙasa a leda. Tana tafiya, tana tafiya, ba ta ƙarasowa. Nakan tsaya bakin danga in yi ta kallo har hayaƙin ya tashi, sannan in koma ga aikina.

Malama ce a jami'a, a Maraɗi, fannin noma. Aikinta ƙasa. Mutanen unguwarmu sun sha yi mini dariya, wai an kai yarinya lakol, karatun boko, har Yamai, ta dawo tana tsintar ƙasa a leda kamar mai haɗa magani. Ita kuwa tambaya guda ce ta hana ta zama: me ya sa gonar aya take gajiya da wuri? Wanda ya san aya ya san yadda ake fidda ita. A ƙone ganyen, a tone ƙasar, mata su zuba a rariya su yi ta tankaɗe, aya ta zauna, lallausar ƙasa ta bi iska. Ana samun alheri, ba musu, aure nawa aka yi da aya a ƙasar nan. Amma gona tana ramewa. Lami ta bi gonaki daga Gazawa har Cadawa, wani lokaci har Gidan Rumji don ta gwada da ƙasar can, tana son ta auna abin da ke tafiya cikin hayaƙi da abin da ke fita ta idon rariya.

Ni ban yi lakol ba. Sai da na aurar da ita na shiga ajin yaƙi da jahilci, nan bayan asibiti, inda muke zama da yamma mu mata. Idan ta zo hutu takan same ni na duƙufa ina kwafar abin da aka rubuta mana a allo, harshena a waje. Wata rana ta leƙa kafaɗata ta ce, "Inna, ku a ajinku wadda ta fi iya kwafa ita ce ta ɗaya. Mu a namu ita ake kora."

Na ɗauka wasa take. Sai ta zauna ta warware mini. Ta ce akwai mujallu na masana, ba irin jaridar nan da kuke riƙe da ita ba. Mutum ya yi bincike ya rubuta abin da ya gano, ya aika. Masu mujallar su miƙa wa waɗansu masana da bai san su ba, su ma ba su san shi ba, su yi ta tankaɗe rubutun kamar aya. Idan ya zauna a rariya a buga, duniya ta karanta. Sharaɗin kuwa, abin da ka kawo ya zama naka ne, sabo ne. Abin da ka aro wajen wani, ko jimla ɗaya ce, ka faɗi sunan mai shi da inda ka same ta. Na ce ashe abin da sauƙi. Ta ce da sauƙi, Inna.

Gidan Fulani ta yi aure. Surukinta, Malam, yana zaune a Cadawa, kuma yana cikin yaran makiyaya na farko da aka kai lakol a yankin nan. Malamin gona ya yi a ƙuruciyarsa, yana yawo bisa keke ƙauye ƙauye. Tun Lami tana goye a bayana ya rubuta wani ɗan rahoto da Faransanci, a keken rubutu, kan yadda ake noman aya da yadda ya ga ƙasar tana canza launi bayan 'yan shekaru. Da ya ji abin da matar ɗansa take bincike a kai, ya buɗe akwatinsa na ƙarfe ya fiddo kwafin da ya ajiye, takardar har ta yi ja. Bai miƙa mata hannu da hannu ba, ta hannun uwar mijinta ya aiko, da saƙo cewa nata ne, ta yi yadda ta ga dama da shi, shi ya gama da takarda.

To, a nan ne abin ya ƙulle. Masu karatu na birni ƙila su yi mamaki, amma 'yan ƙasar nan sun san abin da nake nufi. Mace ba ta kama sunan suruki. A gidan Fulani kuwa abin ya fi namu nauyi, suna ce masa semtende, wato kunyar da ba a koya wa mutum da baki. Lami ta shiga gidan nan tana Bahaushiya, tana 'yar lakol, ana jira a ga inda za ta yi tuntuɓe. Sai ta ɗaura ɗamarar fin su kunya. Tun daga ƙofar gida take cire takalmi. Ba ta taɓa kai loma bakinta yana tsakar gida ba. Akwai wani mai kanti a tasha mai suna irin na Malam, shekara da shekaru "mai sunan Baba" take ce masa. Har uwar mijin takan ce da dariya, wannan ta fi mu mu masu abin.

Da ta zo rubuta bincikenta, ta jera sunayen Turawa da na 'yan Afirka da ta karanta, kowa da shekararsa da shafinsa, ba ta bar ko ɗaya ba. Da ta iso kan na Malam, hannunta ya ƙi. Ta ce mini daga baya ta ɗora yatsu bisa na'ura ta ji kamar za ta ɗaga murya ta kira shi a tsakiyar kasuwa. Hanya ta biyu ita ce ta juya maganar da bakinta, nan ma ta kasa, don gani take canza kalmomin dattijo gyara masa magana ne. Sai ta ɗauki shafukansa yadda suke ta saka a farkon nata, a ƙarshe ta rubuta godiya ga "mahaifinmu, wanda ya ba ni abin da ya sani". A ranta ta biya haƙƙi. Kyauta ce aka ba ta, kuma a saninta takardar ba ta taɓa fita daga akwatin Cadawa ba.

Aka buga. Na tuna ranar da ta kawo mini. Ban iya Faransanci ba, amma na bi da yatsa har na gane sunanta a sama, na shafa, ban furta ba. Ta kwanta bisa cinyata kamar ƙaramar yarinya, muna jin kurciya a kan darbejiya, tana gaya mini ƙasashen da za a karanta labarin ƙasar Gazawa. Na rufe ido na ga gonarmu ta bayan gari tana tafiya cikin jirgi.

Abin da ba mu sani ba, rahoton Malam yana da ɗan'uwa. Ainihin kwafin ya tafi buro, wato ofishin da ya yi wa aiki tun a wancan zamani, daga can ya faɗa wani ɗakin ajiyar littattafai a ƙetare, wata rana aka ɗauki hotonsa aka zuba a intanet tare da tarin tsofaffin takardu. Masu mujalla kuma sun samu na'urar da ke bin rubutu tana gwada shi da duk abin da aka taɓa rubutawa. Inda ta ga an yi daidai sai ta shafa masa ja. Farkon rubutun Lami ya fito ja wur.

Suka janye shi. Ni da na ji an ce janyewa, na ɗauka cirewa za a yi a huta. Ashe ba haka ake yi ba. Ana barin shi a inda yake, sai a buga masa hatimi a kowane shafi, a rubuta dalili a ƙasa: ta ɗauki rubutun wani ba ta faɗi mai shi ba. Satar rubutu, in ji su.

Malam ya sa babbar rigarsa ya hau taksi zuwa Maraɗi, wai a kai shi wajen mai mujallar ya yi masa bayani baki da baki. Aka ce masa mutumin yana bayan teku. Ya zaunar da ɗansa ya yi masa shifta: rubutun nawa ne, ni na ba ta, ban kai ƙara ba, wa aka sata? Amsa ta zo cikin ladabi. Sun ce sun yarda da shi, sun kuma ji tausayin abin. Amma haƙƙin ba nasa ba ne shi kaɗai da zai yafe, har da na mai karatu, wanda dole ya san wa ya ga me, kuma yaushe.

Ni na yi fushi, irin nawa, na shiru. Lami ba ta yi ba. Ta zo gida ta zauna tana taya ni ɓarar gyaɗa, can ta ce, "Inna, gaskiyarsu ce. Wanda ya karanta zai ɗauka ni na tsaya a gonakin nan na ga launin ƙasar da idona. Alhali lokacin ina bayanki ina barci."

Na daɗe ina juya maganar. Sai da aka yi ruwan shuka na gane ta, ina kwance ƙullin iri. Mu ma ai iri da sunan mai shi yake yawo. Waken da nake shukawa har yau "na Hajiya Tabawa" muke ce masa, ita kuwa ta rasu tun ina amarya. Ba don yabo muke faɗa ba. Don idan ya ƙi a gonarka ka san daga wace ƙasa ya fito, ka san gidan da za ka je ka tambaya. Ranar na daina jin haushin mutanen bayan teku, ko da yake har yau ban so hatimin nan ba.

A jami'a ba a kore ta ba, an dai ja mata kunne, kuma ƙarin girman da take jira ya wuce ta. Ta ce za ta sake rubutawa daga farko, ta raba nata da na Baba, sunan kuma mijinta zai buga da hannunsa tunda shi ya saba cika shi a takardun buro, ita ta juya baya. Muka yi dariya. Da damina ciwo ya kama ta, ana fara ƙona aya Allah ya karɓi abarsa. Ban ce takardar ce ta kashe ta ba, kada wani ya ɗora mini. Kwananta ne ya ƙare. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Nakan tambayi kaina, da za ta leƙo yau, me za ta ce? Za ta ga fanfunan hasken rana a lambuna, ta ga baburan kabu-kabu sun cika hanyar iyaka kamar fara. Za ta ga ayar ta ƙaru, ƙasar gonar ta ƙara koɗewa. Abin da zai fi ba ta mamaki, ina ji, shi ne yanzu yara suna da wata na'ura a wayar salula da za ka gaya mata abin da kake so ta rubuta maka shi tsaf, ba ta sa sunan kowa, kuma ba kunya ce ta hana ta ba. Ina ganin Lami ta ɗora hannu a haɓa tana kallonta, tana tambaya a hankali, ke kuma daga akwatin wa kika ɗauko? Ban san ko za ta yi dariya ba, ko za ta yi shiru.

Amma ba salula ba ce za ta fara nema. Fassuma za ta nema, 'yarta tilo, wadda ta bari ta gama firamare tana shirin shiga kwaleji. Yanzu Fassuma tana shekarar ƙarshe a jami'a, ita ma noma, ita ma aya, tana rubuta littafin kammala karatu da suke ce wa memuwar. Mun ɗauka ba ta san labarin hatimin ba. Ashe tun tana lise, babbar sakandare, wata 'yar ajinsu ta nuna mata a salula, gaban mutane, ta ce ga aikin uwarki. Yarinyar ta haɗiye abin ita kaɗai duk shekarun nan. Ba ta tambayi ubanta ba, ba ta tambaye ni ba. Na lura dai idan ana hirar Lami takan tashi ta ce za ta duba tukunya.

Da hutun da ya wuce ta zo Gazawa. Ta ce malaminta, mutumin kirki, ya ba ta shawara ta bar rubutun uwarta waje, kada ta ambace shi ko kaɗan, don abin da aka janye ba a jingina da shi, kuma masu jarrabawa za su tsananta mata. Ta faɗa tana kallon ƙafarta. Sannan ta ɗago ta ce, "Iya, ta sata ko ba ta sata ba?"

Da na ce a'a, za ta ce uwa ce ke kare 'yarta. Da na ce i, na yi ƙarya. Sai na ce ta shirya gobe mu je Cadawa wajen mijinta, don haka muke kiran kakan nan nata tun tana rarrafe.

Mun same shi bayan azahar a inuwar zaure. Ido ya tafi, kunne yana nan. Tun daga bakin ƙofa Fassuma ta ƙwala masa kira da cikakken sunansa, nasa da na ubansa, yadda ake kiran yaro a aji. Ni na sunkuyar da kai na ja mayafi. Jika ce, an ba ta wannan. Ya ce wace marar kunya ce wannan, ta ce amaryarsa ce da ya bari ba zane ba sabulu. Ya ce ya sake ta tun bara, takardar ce ba ta iso ba. Ta ce to ta zo karɓar shanunta. Sai da suka gaji sannan ya juyo ya gaishe ni, Hajiya an zo lafiya, na amsa daga nesa.

Ta gaya masa abin da ya kawo ta. Ya saurara yana jan tasbaha. Ya ce shi ya ba Lami rubutun, wannan kowa ya sani, kuma ta ƙi kama sunansa, ta ƙi gyara masa Faransancinsa wanda ko a zamaninsa ɗingishi yake. Ya ce amma kada Fassuma ta tambaye shi ko sata ce, shi ba alƙali ba ne. Ta karanta masa kawai, ya ji.

Ta buɗe salula ta fara karantawa, ta cikin hatimin, don a kan kalmomin yake kwance. Ni ba na jin yaren, sautin kawai nake bi, kamar ruwa a indararo. Tana karantawa yana gyaɗa kai, leɓensa yana motsi, wani wurin ma ya riga ta ƙarasa jimlar. Nawa ne, in ji shi. Ta ci gaba. Nawa ne. Awaki suka shigo suka fita. Inuwa ta matsa. Na fara gyangyaɗi, ina ganin saurayi bisa keke cikin gonaki da ban taɓa gani ba, ƙasar baƙa, itatuwa da yawa. Can sai na ji ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Nan kekena ya tsaya. Daga nan ban san hanya ba, uwarki ce."

Fassuma ta duba. Abin da ya rage ya ninka wanda ta karanta nesa ba kusa ba. Ya ce ta ci gaba, yana son ya ji. Ta karanta masa awon ƙasar gona bayan gona, abin da wuta ke ci, abin da rariya ke zubarwa, da shawarar Lami cewa a mayar da tokar da lallausar ƙasar inda aka ɗebe su, a huta wa gona da wake tsakanin aya da aya. Da ta kai ƙarshe tsohon ya ce shi gani kawai ya yi ƙasa tana ramewa, kamar yadda kowane makiyayi ke ganin saniya ta rame. Wadda ta buɗe bakin saniyar ta duba ita ce Lami.

A taksi muna komowa, muka wuce Agiye. Sannan Fassuma ta ce mini za ta sa su duka biyu. Kakanta da sunansa, a kan abin da ya gani. Uwarta da sunanta, a kan abin da ta auna, wanda ita Fassuma ta sake aunawa bana a waɗannan gonakin dai ta ga ya tsaya. Kuma a gefen sunan uwar za ta rubuta da hannunta cewa an janye rubutun, da dalilin janyewar, ba za ta ɓoye ba. Ta tambaye ni ko zai yi mini ciwo. Na ce zai yi. Na ce ta rubuta.

Malaminta ya ce za a tambaye ta a gaban jama'a ranar kare littafin. Ta ce a tambaya, ta daɗe tana jiran wanda zai tambaye ta. Ya dube ta, ya sa hannu.

Idan na auna abin da ya saura na Lami bayan shekara tara, ba zan ce hatimin ya goge ba. Yana nan, kuma an ce zai daɗe fiye da ni da Fassuma. Ta yi kuskure, kuskuren mai ladabi, amma kuskure ne, ita da kanta ta faɗa. Sai dai awon da ta yi yana nan shi ma, a ƙarƙashin jan rubutun, kuma yanzu akwai mai ɗaga shi. 'Yarta ta daina tashi duba tukunya.

Makon jiya ta kawo mini littafin kafin ta miƙa. Ta buɗe shafin ƙarshe, inda ake jera waɗanda aka ɗauko magana a wurinsu, ta ɗora yatsana a kai. Na bi a hankali, baƙi bayan baƙi, yadda aka koya mana. Ga Malam. Layi kaɗan a ƙasa, ga Lami. A duniya ba su taɓa zama tabarma ɗaya ba, ba su taɓa haɗa ido ba. Yanzu ga su a shafi ɗaya, kowa da sunansa, kowa da abin da ya kawo, yarinyar da suka haɗa ce ta zaunar da su.

Allah ya haskaka makwancinki, 'yata. Ki zauna, an faɗi sunan.